Reshen Inna a Hannun Darakta

Mutumin da 'yan layinsu ke kira Darakta bai taɓa zama darakta ba. Wata goma sha ɗaya ya yi yana riƙon ƙwarya a hukumar da ya yi wa aiki shekara talatin da huɗu. A cikin watannin nan ya sa aka canza labulen ofis, aka sassaƙa masa hatimi, har ya koyi gyaran murya irin na manya kafin ya yi magana. Sai wata Litinin aka kawo wani daga waje, matashi mai siririn tabarau, aka ɗora a kan kujerar. Shi kuma aka mayar da shi tsohon ofishinsa na kusa da banɗaki, inda ya ƙarasa shekara biyun da suka rage masa yana juya fayil yana haɗiye takaici. Sunan dai ya biyo shi gida bayan ritaya, domin shi da kansa ya rako shi, mutanen layi kuma ba su ga abin da zai rage su da shi ba in sun kira.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Mutum ne da in ya ga abu yana tafiya daidai sai hankalinsa ya tashi, don alama ce ba a nemi shawararsa ba. A watan farko ya liƙa wa gwangwanayen kicin lamba, ya fitar da jadawalin sharar tsakar gida, ya kwance fankar falo don ya gano dalilin da ya sa take ƙara. Daga ranar kuwa ba ta sake ƙara ba, ba ta kuma sake juyawa ba. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda shekarun da ta yi tana koyarwa a firamare, ba ta taɓa yi masa musu ba. Matar da ta riƙe aji mai yara saba'in, ba dattijo ɗaya ne zai ɗaga mata hankali ba. "To, Maigida," take cewa, ta ci gaba da abin da take yi.

Abu ɗaya ne ya taɓa gani ya girgiza Malama, shi ne ranar da yayyenta maza suka sayar da gidan mahaifiyarsu, shekara biyu bayan rasuwarta. Ba ginin ne ya dame ta ba, ginin dama ya gaji. A tsakar gidan, kusa da famfo, akwai wata bishiyar fure da Inna ta dasa tun Malama tana goye. Da safe furenta fari ne fat, in rana ta take sai ya koma ruwan hoda, da yamma ya yi ja ya faɗi. Duk dangin ba wanda ya san sunanta, Furen Inna kawai ake cewa. Ba ta 'ya'ya balle a shuka, kuma sau uku Malama na yanko reshenta tana cusawa a ƙasa, sau uku yana ruɓewa. Wanda ya sayi gidan, shaguna zai gina a wurin, ya ce ranar Asabar katafila za ta shiga.

Ana gobe rusau Malama ta fita da sassafe. Ta dawo da hantsi riƙe da ƙunshi a jiƙaƙƙen tsumma, da wani tsoho a bayanta, mai sayar da tsirrai a bakin babban titi, wanda ake kira Mai Fure. Gajere ne, hannayensa duk sun tsattsage, ba ya magana sai an matsa masa. Ya zaga lambun gidan, wanda bai wuce faɗin tabarma shida ba, ya tsaya a gaban wata bishiyar fure ta jikin katanga. Irin jan furen nan ne da ake gani a kowane gidan mai da kowane shingen asibiti, wanda ko akuya ta gaji da kallonsa. Darakta ne ya dasa ta da hannunsa shekarar da suka tare a gidan, ta kuma yi masa biyayya har ta fi shi tsawo. Mai Fure ya ce dangin juna ne da ta Inna, don haka a kanta za a yi auren, yadda masu lambu ke kiran haɗa reshen wata bishiya da gindin wata.

Darakta ya tsaya a kansa, hannu a baya, yana sa ido. Mai Fure ya sa zarto ya datse bishiyar daidai gwiwa. Ya tsaga kututturen da wuƙa, ya ɗauko reshen Inna, wanda bai wuce tsawon biro ba, ya fiƙe gindinsa ta gefe biyu, ya cusa shi a tsagar har ɓawo ya haɗu da ɓawo. Ya naɗe wurin tam da zaren leda, ya kifa masa wata farar leda don kada ya bushe. Sannan ya yi bayani yana kallon Malama. Saiwar ta ƙasa ce za ta riƙa ɗibo ruwa da abinci, na saman shi zai yi fure. Amma gindin ba zai haƙura ba, zai yi ta fitar da nasa tohon, kuma su za su fi ƙarfi don su ne kusa da saiwa.

"Duk abin da ya tsiro ƙasa da ɗaurin nan a tsinke shi tun yana ƙarami," in ji shi. "Komai kyansa."

Darakta ya gyara murya, ya ce yana so ya fahimci tsarin da kyau. Wato wadda ta yi shekara goma sha biyar a wurin, ta kafa saiwa, ta sha rana ta sha iska, ita aka sare wa kai, aka kawo wani daga waje aka ɗora mata, kuma in ta yi yunƙurin fitar da nata a tsinke?

"Haka aikin yake, ranka ya daɗe," in ji Mai Fure, yana goge wuƙarsa a wando.

Darakta da kansa ya tattara rassan da aka sare ya fita da su bola, ya kuma daɗe bai dawo ba.

Reshen ya kama. Bayan sati uku idanun tohonsa biyu suka fashe, ganye ya leƙo, aka cire farar ledar aka bar ɗaurin. Kowace safiya Malama na jawo 'yar kujerarta ta zauna a gabansa, wani lokacin har bakinta na motsi. Ana cikin haka aka bugo waya cewa babbar 'yarsu ta zame a matattakala ta karye a cinya, ga yara uku ƙanana, ga miji mai aikin tafiye-tafiye. Likita ya ce wata uku kafin ta taka. Ba a ma tsaya shawara ba, Malama ta haɗa jaka.

Ranar tafiyar, kaya na cikin mota, ta ja shi zuwa lambu. Ta nuna masa yawan ruwan da za a riƙa ba reshen, gwangwani biyu da safe, ta maimaita masa maganar Mai Fure a kan abin da ke ƙasa da ɗauri. Sannan ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta cika yi ba.

"Maigida, an rushe gidan, bishiyar ma an tumɓuke ta. Amana na bar maka."

Gaskiyar magana, daɗi ya kama Darakta. Shekara talatin da shida suna tare, ba ta taɓa damƙa masa wani abu da zuciyarta ke kai ba. Ko yaran nan, lokacin suna ƙanana, in za ta yi tafiya ƙanwarta take kirowa. Yau ga shi an bar masa abin da ya rage na Inna a duniya, shi kaɗai, ba mataimaki ba mai duba shi. Ya ɗaukar wa kansa alkawari cewa za ta dawo ta tarar da abin da zai sa ta san wanda ta aura.

Washegari ya buɗe fayil, sabo fil mai koren bango. Kowace Litinin da ƙarfe tara yana fitowa da rula da biro ya auna reshen, ya ƙirga ganye, ya sa hannu, ya buga tsohon hatiminsa, wanda har yau yake cewa mantuwa ce ta hana shi mayar wa hukuma.

Litinin ta biyu ya tarar da toho uku ƙasa da ɗaurin. Ya san abin da aka ce, har ya kai yatsu zai tsinke na farko, sai ya tsaya yana kallonsa. Kore ne shar, mai kauri, ya fasa tsohon ɓawo da ƙarfin kansa ya fito. Ba wanda ya ɗaure shi, ba wanda ya rufe shi da leda, ba wanda ya jawo kujera ya zauna yana lallashinsa. A sama kuwa ga wanda aka yi wa duk wannan gata, da ganye huɗu ƙanana, yana rangaji in iska ta kaɗa. Darakta ya janye hannunsa. Ya rubuta a fayil cewa an ɗage yanke hukunci har sai an kammala nazari.

Nazarin bai ci lokaci ba, tunda mai nazarin da mai amincewa da shi mutum ɗaya ne. Mai Fure ya san wuƙa, wannan ba musu, amma ina ya san mulki? Shi Darakta, Allah na gani, ba ya nufin reshen Inna da mugunta. Dama kawai yake so a ba kowa, wanda ya cancanta ya nuna kansa, kuma gasa ƙarfafa mutum take yi. Ya sha faɗin haka a taro ana gyaɗa kai. Ya ja layi a tsakiyar takarda. Gefe ɗaya ya rubuta 'Yan Gida, ɗaya gefen ya rubuta Baƙo.

Maƙwabcinsa, wanda wata gajeriyar katanga ta raba su, tsohon direban hukumar ne, da Direba ake kiransa. Ya leƙo wata safiya da kofi a hannu, ya ce shi dai bai san fure ba, amma mahaifinsa ya yi wa lemo aure da yawa, kuma yana tuna na ƙasan ba a barin su. Darakta ya yi masa lacca ta minti ashirin a kan cancanta, da yadda ake danne waɗanda suka yi wa wuri bauta don a faranta wa 'yan alfarma. Direba ya saurara har ƙarshe, domin ya saba jiran manya a mota. Sai ya ce, ba da wata manufa ba, ai wancan matashin da aka kawo musu shi Direba ne ya tuƙa shi shekara biyar, a zamaninsa ne ma aka fara gyara motocin hukuma a kan lokaci, mutumin kirki ne ƙwarai. Darakta ya rufe fayil ya shige ɗaki. Da yamma ya fito da sanduna uku ya kafa wa 'Yan Gida don su miƙe sosai.

Kowace yamma Malama na bugo waya. Bayan labarin ƙafar 'yar da ɓarnar jikoki, sai ta tambayi reshen. Yakan ce bishiya na samun gagarumin ci gaba, wanda ba ƙarya ba ne; shekara talatin da huɗu ya yi yana koyon yadda ake faɗar gaskiya ba tare da an faɗi komai ba. Sau ɗaya ta tambaye shi kai tsaye ko yana tsinke na ƙasan. Ya ce ana bin duk matakan da suka dace. Ta ce to.

A sati na biyar 'Yan Gida sun kai kamu guda. A na bakwai sun wuce Baƙo sun yi masa rumfa, sai an buɗa ganye ake ganinsa. Shi kuwa yana nan da ganyensa huɗu, sai ma ɗaya da ya yi rawaya. Darakta ya rubuta masa gargaɗi na farko. Don kada a ce bai yi adalci ba ya sayo taki ya zuba a gindin, ya ƙara gwangwanin ruwa ɗaya a kan biyun da aka ce. 'Yan Gida suka shanye suka ƙara ƙiba. Ya rubuta gargaɗi na biyu, wannan karon da jan biro.

Litinin ta goma ya fito ya ga jan fure ya buɗe a kan babba daga cikin 'Yan Gida. Furen gidan mai ne dai, amma Darakta ya ji kamar an kira sunansa a babban taro. Ya kira Direba ya zo ya gani, ya ɗauki hoto ta gefe uku. Sai da ya gama murna ya tuna akwai ɗaya gefen takardar da ba a cike ba, ya sa rula ya buɗa ganyen. Ba ganye ko ɗaya a jikin reshen Inna. Ya yi baƙi, ya motse. Ya taɓa shi ya ji ba ya lanƙwasa. Ya warware ledar a hankali, reshen ya biyo hannunsa, ba nauyi ko kaɗan.

A nan tsugune gaban katanga duk laccar cancanta ta fice masa daga kai, ba abin da ya rage sai fuskar Malama ranar da ta ce amana. Ya shiga kicin ya ɗauko wuƙa, ya bi 'Yan Gida ɗaya bayan ɗaya ya sare, har da mai furen. Waɗanda ya yi wata biyu yana kare musu haƙƙi, cikin minti uku ya gama da su, yadda ake yi wa ƙananan ma'aikata in an ji masu bincike na tafe. Ya mayar da busasshen reshen cikin tsagar, ya naɗe, ya yi kwana uku yana kwarara masa ruwa.

Rana ta huɗu ya sa shi a ambulan ɗin wasiƙa ya nufi bakin titi. Wurin Mai Fure rumfa ce ta buhu da gora, da ɗaruruwan tsirrai jere a baƙaƙen ledoji, hayaƙin motoci ya dusashe na sahun gaba. Tsohon ya karɓi reshen, ya kankare ɓawon da farce, ya nuna masa cikin. Ruwan ƙasa ne, ba ɗigon kore. Ya tambaya ko an tsinke na ƙasan, Darakta ya ce an tsinke. Ya tambaya yaushe, Darakta ya juya yana kallon titi.

Ya nemi sanin ko akwai wani magani, ko a jiƙa shi, ko a sake ɗaurawa a wani gindin. Babu. Sai ya rage murya ya matso, ya kawo shawarar da ya taho yana saƙawa a mota: a samo wani reshen mai kama da shi a ɗaura, kafin ya yi fure an yi watanni, in ya so a ce canjin ƙasa ne ya canza masa launi.

"Ranka ya daɗe, a ƙarƙashinta ta yi rarrafe," in ji Mai Fure. "Ganye ɗaya ta gani za ta gane."

Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ya fasa, ya koma yana cika leda da ƙasa.

Daga nan Darakta ya wuce tsohon gidan Inna, ko Allah zai sa wata saiwa ta tsira a wani lungu. Ya tarar da shaguna takwas a jere, an shafe ƙasan da siminti har bakin kwata. Daidai inda yake zaton bishiyar take, wani ne ke sayar da tayoyi. Ya dawo gida ya bi surukansa ɗaya bayan ɗaya a waya da sunan gaisuwa, yana kewaye-kewaye har ya kai ga tambayar ko wani ya ɗebi reshe kafin rusau. Babban yayan ya tambaye shi wace bishiya yake nufi.

Sati biyun da suka rage abinci ya daina shiga. Da safe yakan sami kansa a kan 'yar kujerar Malama, gwiwoyinsa har kusa da haɓa, yana kallon kututture. Ya tuna makon da aka sauke shi daga kujera, lokacin da mutane ke zuwa jaje da dariya a ƙarƙashin harshensu. Inna ce kaɗai ba ta ta da maganar ba. Ta shimfiɗa masa tabarma a gindin bishiyar nan, ta ce ya zauna ya ga yadda furen zai canza kafin yamma, ya kuwa zauna har ya yi barci, barcinsa na farko a makon. Kunya ta rufe shi irin wadda bai taɓa ji ba. Ya nemi wanda zai ɗora wa laifin, ya duba ya sake dubawa, bai sami kowa ba.

Duk da haka hannunsa ya yi abin da ya saba. Ana gobe dawowarta ya zauna ya rubuta rahoto shafi biyu. An lura da wasu alamu, an ɗauki wasu matakai, an samu akasi sakamakon yanayi. Ya karanta ya ga ba inda sunan kowa ya fito, ya ninke ya sa a aljihu.

Ya ɗauko ta a tasha da rana. Duk hanya maganar ramukan titi yake yi da tsadar batir, ita kuma tana cewa to. Suna shiga gida, ko mayafi ba ta cire ba ta wuce lambu. Ta tsaya a gaban kututturen, da tabon wuƙa uku a jikinsa, da sanduna uku a kafe ba abin da suke tokare. Darakta ya zaro takardarsa, ya gyara murya, ya karanta layin farko. A layi na biyu ya tsaya. Ya ninke takardar.

"Ni na kashe shi, Malama. Na san an ce a tsinke na ƙasan, na bar su da gangan."

Tunda yake bai taɓa fara irin wannan magana da kalmar "ni" ba. Ya tsaya yana jiran kuka ko faɗa, ya ma fi son faɗan, don ko ba komai zai san an hukunta shi an gama. Malama ta daɗe tana kallon kututturen. Ta sunkuya ta shafa tsagar da yatsa, ta miƙe, ta ce ya ɗauko makullin mota.

Bai tambayi ko ina ba, ita ta riƙa nuna hanya har bakin babban titi. Mai Fure na ganinsu ya tashi ya gaishe ta, ya kauce wa idon Darakta, ya shige gaba suka bi shi ta tsakanin ledoji zuwa bayan rumfa. A can cikin inuwa, a wani tsohon bokitin fenti, ga wani gindin jan fure da aka datse, sumul ba toho ko ɗaya a jikinsa. A samansa reshe ya miƙe kamu guda da rabi da faffaɗan ganye. Fure ɗaya ya buɗe, ruwan hoda, gefensa ya fara ja.

Daɗi ya rufe Darakta. Daɗin bai kai minti ɗaya ba.

"Biyu kika yanko?"

"Uku. Ɗaya bai kama ba."

"Wato tun farko kin san abin da zan yi."

"Ban san ta inda za ka ɓullo ba, Maigida. Na dai san za ka gyara."

Ta faɗe shi ne ba fushi, yadda ake faɗar abin da aka daɗe da sani. Shi kuwa sai wasu abubuwa suka fara dawo masa waɗanda bai taɓa haɗa su wuri ɗaya ba. Makullin gida na biyu da ke wurin matar Direba. Takardun makarantar yara da kullum ake samun wasu a gidan ƙanwarta in nasa tsarin ya ɓatar da na gida. Rediyon ɗakinta da ta ce na aro ne kada a kwance, yau shekara ashirin ba wanda ya zo karɓa.

"Amma kin ce amana ce," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Amana ce. Na so in dawo in tarar da biyu."

Sai a lokacin ya ga idanunta sun cika, ta kuma juya kai kafin ya gama gani. Ya naɗe hannun riga ya sunkuya zai ɗauki bokitin. Ta riga shi kai hannu.

"Bar shi, ba nauyi."

Da nauyi. Ƙasar jiƙe take, bokitin babba ne, ita kuma ta haura sittin. Sau biyu tana direwa tsakanin rumfa da mota, tana mayar da numfashi, shi yana biye da ita hannu biyu a sake, in ta tsaya ya tsaya. Mai Fure ya sami wata leda da ke bukatar ƙasa cikin gaggawa. Da suka isa, Darakta ya buɗe mata ƙofar gaba inda ta saba zama, ta wuce ta buɗe ta baya da kanta, ta zauna ta ɗora bokitin a cinya ta rungume shi. Ta ce ya kula da ramuka. Ya shiga ya ta da motar, ya ja ta a hankali kamar yadda aka umarce shi.